Me Ya Sa Akwatin Garinmu Ba Ya Jin Maganar 'Yan Legas?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan wani ƙaramin gari ne a jihar Katsina, shekarata tara ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Duk zaɓe sai na bar rumfa na hau mota na tafi gida. Mu samarin garin da ke nan Legas muna da zaure a WhatsApp, mukan tsayar da wanda muke ganin ya cancanta, mu yi ta kiran gida, amma in an ƙirga sai ka ga kamar ba mu yi magana ba. A 2023 garinmu ya ba PDP a zaɓen shugaban ƙasa, bayan mako uku ya juya ya ba APC a na gwamna. Kuɗi ne ke aiki ko rashin wayewa? Kuma in dawo da katina Legas ne in huta da wahalar hanya?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa wa kasuwa albarka, ɗan'uwa. In na fahimce ka daidai, abu uku kake son sani: me ya sa maganarku ba ta motsa akwatin garinku, yaya gari ɗaya zai ba jam'iyyu biyu cikin mako uku, sannan ko ya fi maka ka mayar da rajistarka nan. Kafin komai ina roƙonka ka cire rashin wayewa daga bakinka, ko a cikin zaurenku ne. Irin wannan magana tana komawa gida da sauri fiye da kuɗin da kuke turawa, kuma tana cikin abin da ke sa dattawa su toshe muku kunne.

Ni ma ɗan jiharku ne, daga wani gari da ba na jin ya fi naku girma. Ina koyarwa a firamare aka fara ɗaukata aikin zaɓe a 1991. Daga baya na tsaya wa jam'iyya wakilci a akwati, daga baya kuma na bar wannan na koma cikin masu sa ido. Yau shekara ashirin da 'yan kai ina zaune a Agege, kuma littafin ƙungiyar 'yan garinmu a hannuna yake. Ban taɓa taka garinku ba, don haka abin da zan faɗa maka daga namu garin ne da makwabtansa. Kai za ka auna ka ga inda ya yi daidai da naku.

Tsagin da ya girmi jam'iyyu

Kusan duk ƙaramin garin da na sani a ƙasar Hausa yana da tsagi biyu, kuma tsagin ya girmi kowace jam'iyya da ke kan takardar ƙuri'a yau. A wani wuri rikicin sarautar dagaci ne tsakanin gidaje biyu masu kaka ɗaya. A wani wuri unguwar fada ce da unguwar kasuwa. A wani wurin waɗanda suka sari garin ne da waɗanda suka zo daga baya, ko da zuwan nasu ya haura shekara ɗari. Wani lokaci kuma fadama ce da aka yi shari'a a kanta tun zamanin En'e. Idan wannan tsagi ya shiga jam'iyya, wancan zai nemi wata, domin ya san in ya bi shi ciki, a bayansa zai tsaya ranar rabon taki da ranar naɗa kansila. Jam'iyya riga ce da ake ɗora wa tsohuwar hamayya.

Haka siyasar jam'iyyu ta iske karkara tun shekarun 1950. NPC mai alamar fartanya ta jingina da sarakuna da ma'aikatan En'e. NEPU ta su Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta samu gindin zama wajen mahauta da teloli da 'yan koli da wasu malamai, har ma da 'ya'yan gidan sarautar da aka tsallake. Ɗan NEPU a ƙauye ya sha ɗauri da bulala, kuma jikokinsa har yau sun san gidan da ya kai ƙararsa. Da aka dawo siyasa a 1979, waɗannan gidaje suka sake rabuwa tsakanin NPN mai gida da masara da PRP mai makulli. A lokacin ƙasar Katsina tana cikin tsohuwar jihar Kaduna, sai a 1987 aka yanke ta. Ka tuna abin da ya faru a zaɓen nan: Balarabe Musa na PRP ya ci gwamna, amma NPN ce ke da rinjaye a majalisar jiha, har ta kai ga tsige shi a watan Yunin 1981. Ka ga zaɓen wake da shinkafa ba a zamaninku aka fara shi ba. Iyayenku sun yi shi tun ba a haife ku ba.

Ni a 1991 na ga wannan tsagi da idona, ranar zaɓen gwamnan da Sa'idu Barda na NRC ya kayar da Umaru Musa 'Yar'aduwa na SDP. Ƙato bayan ƙato aka yi. A kafa hoton ɗan takara, masu sonsa su yi layi a bayansa, mu bi muna ƙirgawa da ƙarfi kowa yana ji. An tura ni wani ƙauye, muka ajiye tebur a gindin tsamiya kusa da masallaci. Wani magidanci ya zo ya tsaya tsakanin layukan biyu, ya daɗe yana gyara hula yana ɗaga wuya. Da ya hango wanda yake nema, sai ya wuce ya tsaya a bayansa. Bayan an watse ina haɗa takardu, ya zo ya durƙusa kusa da ni ya ce, "Malam, zuciyata tana wancan layin. Amma 'yarsa nake aure, kuma shanunsa ke yi mini huɗa." Mutumin nan ya san abin da yake so sarai, kuma ya san abin da zai rasa. Lissafi ya yi, kuma da ni ne a matsayinsa ban tabbata zan yi wani lissafin daban ba.

Tun daga 1999 alamomi sun yi ta canzawa: lema, masara, alƙalami, tsintsiya, kwandon kayan marmari. In kana son ka gwada maganata, ka rubuta sunayen manyan gidaje goma na garinku, ka sami dattijo mai shekara saba'in ka tambaye shi inda kowane gida ya tsaya a 1979 da 1983, sannan ka duba inda yake yau. Sau da yawa za ka tarar jam'iyyun sun sauya sau huɗu ko biyar, amma wa ke tare da wa bai sauya ba. Har ma akan yi musaya gaba ɗaya: jagoran wannan tsagi ya sauya sheƙa zuwa jam'iyya mai mulki, kafin wata ya ƙare wancan tsagi ya fice daga cikinta ya koma inda na farko ya baro.

Wanda ake saurara

A nan ne maganarku ta 'yan Legas take faɗuwa. A ƙauye gwamnati tana da nisa, amma akwai mutane uku ko huɗu da suke kusa. Akwai mai motar da ake tasa da tsakar dare in haihuwa ta zo da gardama. Akwai wanda ke zuwa ofishin 'yan sanda ya karɓo yaro beli. Akwai wanda ke ba da bashin hatsi a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabo bai nuna ba, da wanda ke ba da taki sai kaka a biya. Ranar da irin wannan mutum ya ce ga inda za a dangwala, ba umarni ake ji ba, alheri ake ramawa, kuma ana ajiye wani don gobe. Ku kuwa murya ce a waya. Kuna turo kuɗi, gaskiya ne, kuma gidaje da yawa da kuɗin Legas suke cin abinci. Amma kuɗinku gidanku yake shiga, shi kuwa wancan alherinsa a gaban gari yake yi.

Mu ma mun sha wannan darasi. Ƙungiyarmu ta taɓa tara kuɗi a nan Agege don rufe ajin firamare biyu da iska ta yaye. Muka tura wa wani dattijo mai amana, ya tsaya aka yi aikin tsaf, bai ci ko sisi ba. Da na je gida da sallah, sai na ji ana cewa ajin da Alhaji ya gyara. Ba ƙarya suka yi ba, shi suka gani a tsaye cikin rana yana ƙirga kwano. Da zaɓe ya zo, maganarsa aka bi.

Ka ƙara da wannan: ƙuri'ar mutum ɗaya a ɓoye take, amma ta akwati a fili take. Ana ƙirgawa a gaban jama'a, a rubuta, a manna. A rumfar da masu zaɓe ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, ciyaman da ɗan majalisa sun san ƙauyen da ya kawo akwati da wanda bai kawo ba, mutanen ƙauyen ma sun san an sani. Tsoronsu kada taransifoma ta ƙone a ce su je wajen wanda suka zaɓa, kada rijiyar burtsatse ta tsallake su ta sauka a ƙauyen gaba. Shi ya sa ƙaramin gari yake son ya haɗa ƙuri'arsa wuri ɗaya, kuma yake son ya kasance tare da wanda zai ci. Kai da ke Mile 12 in ɗan takararka ya faɗi, washegari za ka buɗe rumfa. Su kuwa shekara huɗu za su zauna da sakamakon.

Sai mata, waɗanda nake ganin zaurenku ya manta da su gaba ɗaya. A Arewa sai a 1976 mata suka samu damar jefa ƙuri'a, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba, amma a yawancin akwatunan karkara da na tsaya, layinsu ya fi na maza tsawo, kuma sun fi haƙurin rana. Masu cewa mace abin da mijinta ya ce take zaɓa ba su daɗe a rumfar zaɓe ba. Mata suna da nasu jagororin: ungozoma, uwar adashi, malamar Islamiyya, da matar da ba a biki ko suna ba ita. A gidan biki ake yanke shawara, a tsakar gida, cikin yamma. Suna jin rediyo, suna haddace waƙoƙin siyasa, kuma abin da suke aunawa shi ne kuɗin kwanon masara da ko akwai magani a asibitin gari. Saƙon da ka rubuta a WhatsApp bai kai musu ba. Kiran da za ka yi wa mahaifiyarka da yayarka ka saurare su na rabin sa'a ya fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Malamai ma suna da nauyi, musamman inda gari ya rabu tsakanin masallacin Izala da na ɗariƙa. Abin da na lura shi ne maganarsu ta fi tasiri a zaɓen shugaban ƙasa, inda ba a san 'yan takara ido da ido ba. In aka sauko kan ɗan majalisar jiha, wanda kowa ya san uwarsa da ubansa, mutane ba su cika jiran huɗuba ba.

Maganar kuɗi

Kuɗi yana aiki, ba zan rufe maka ba, kuma laifi ne a dokar zaɓe ga mai bayarwa da mai karɓa. Na ga an raba taliya da sabulu da atamfa, na ga an tsaya nesa kaɗan da akwati ana jiran mutum ya ɗaga takarda a gani kafin a sallame shi. A 2023, da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta yi wuya, kayan masarufi ne suka fi yawo. Amma ka lura da abu biyu. Na ɗaya, duk manyan jam'iyyu suna rabawa, don haka rabon kaɗai ba ya bayyana dalilin da wannan ya ci wancan ya faɗi. Na biyu, mafi yawan kuɗin ranar zaɓe ba sayen abokin hamayya ake yi da shi ba, fito da naka ake yi: kuɗin babur, kuɗin abinci, ladan barin gona ko kasuwa na yini guda. Wanda ake saye da gaske shi ne wanda ba ya cikin kowane tsagi, ko wanda ya yanke ƙauna da kowa. In tazara ƙarama ce, waɗannan sun isa su juya akwati. In tazara babba ce, ba su isa ba.

Kuma in guguwa ta taso, kuɗi ba ya tare ta. A 2003 Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da gwamna mai ci a Kano. A 2015 an raba abin da aka raba, amma ƙauyuka suka yi sak a bayan Buhari, suka kasa, suka tsare ƙuri'unsu, suka raka. A daren wani zaɓe na kwana a zauren ƙanen mahaifina, ina gani aka shigo da katan-katan na taliya, bayan sa'a guda wasu suka shigo da nasu daga ɗaya ɓangaren. Matar gidan, tsohuwa ce a lokacin, ta sa aka jera su gefe guda. Na tambaye ta yadda za ta yi. Ta ce, "Wannan ya aiko da taliya, wancan ya aiko da taliya. Amma ranar da Malam ya rasu, ɗaya ne ya zo ya zauna a tabarmar nan har aka yi la'asar." Ban sake tambayarta ba.

Abin da ya faru cikin mako ukun nan

Garinku bai yi abin mamaki ba, abin da jihar ta yi ya yi. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 Atiku Abubakar ya samu ƙuri'a 489,045 a Katsina, Bola Tinubu ya samu 482,283, tazarar ba ta kai dubu bakwai ba. A wannan rana ɗaya APC ta cinye kujerun sanata uku na jihar. Ranar 18 ga Maris kuma Dikko Raɗɗa na APC ya ci gwamna. An yi irin haka a 2011: Buhari ya ci Katsina a CPC, amma Ibrahim Shema na PDP ya koma kujerarsa. A Zamfara a 2023 abin juyawa ya yi, Tinubu ya ci jihar, sannan Dauda Lawal na PDP ya kayar da gwamna mai ci. Kai, ka duba nan inda muke zaune. Peter Obi ya samu 582,454 a Legas, Tinubu ya samu 572,606, bayan mako uku Sanwo-Olu na APC ya koma da tazara mai yawa. Ba wanda ya ce mutanen Legas ba su waye ba.

Dalili shi ne kowace takarda da ma'auninta. Ta shugaban ƙasa da ita ake huce haushi ko a nuna ƙauna, domin Abuja ta yi nisa da za ta rama wa ƙauye ɗaya. A 2023 haushin yana da yawa: ƙarancin takardar kuɗi, layin mai, 'yan bindiga da suka hana noma a su Batsari da Safana da Jibiya da Faskari, da rufe iyaka da aka yi daga Agustan 2019 wanda ya karya garuruwan bakin boda. Sannan karo na farko ke nan tun 2003 da babu sunan Buhari a takarda, mutanen da shi kaɗai suke bi sai suka rasa turke. Takardar gwamna kuwa ta kusa ce. Gwamna ne ke riƙe da albashi da taki da naɗe-naɗe da al'amuran masarautu, kuma a kansa ne ciyaman da kansila da masu ba da shawara suke fitowa da ƙarfinsu duka, domin abincinsu ne a kan layi. Ga shi kuma kafin ranar an riga an sanar da wanda ya ci shugaban ƙasa, mai son bin inda ruwa ya gangara ya ga inda ya gangara.

Akwai wani dalili da ya shafe ku kai tsaye, kuma ban cika jin ana faɗinsa ba. 'Yan ci-rani da 'yan kasuwa irinku kuna cika motoci daga Agege da Ido da Alaba Rago ku tafi zaɓen farko, amma mutum nawa ne ke iya barin rumfa mako uku, ko ya biya kuɗin mota sau biyu? A ƙungiyarmu mafi yawa na farko suke yi su dawo. Ke nan waɗanda suka yi zaɓe a Fabrairu ba su ne daidai waɗanda suka yi a Maris ba. Wani lokaci gari bai sauya ra'ayi ba sam, wani ɓangare ne ya koma Kudu ko ya zauna a gida. A ƙasa baki ɗaya mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista a 2023, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Masu zama a gida sun fi kowace jam'iyya yawa.

Saboda haka kada ka tsaya a kan "garinmu ya ba wane". Ka nemo takardar sakamakon kowace rumfa, wadda ake kira EC8A. Wakilan jam'iyyu suna da kwafi, kuma INEC ta ɗora da yawa a shafinta na IReV. Ka duba mutum nawa suka yi rajista, nawa na'urar BVAS ta tantance, nawa kowace jam'iyya ta samu, rumfa bayan rumfa, a zaɓukan biyu. A nan za ka ga tsagin da nake gaya maka ya fito ɓaro-ɓaro: akwatin ƙofar fada daban, na bakin kasuwa daban, na rugar Fulani daban. Sai dai in faɗa maka iyakar wannan bayani nawa. Inda aka rubuta sakamako ba a jefa ba, ko aka kori wakilai aka dangwale, babu ɗabi'ar masu zaɓe da za a karanta a takardar. Haka garin da 'yan bindiga suka tarwatsa, mutanensa suna gudun hijira, tsohon tsarinsa ya rushe, lissafina ba zai hau kansa ba.

In kuna son a ji ku

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku kuna farawa wata ɗaya kafin zaɓe, alhali a zaɓen 2023 an gama babban aikin tun a zaɓen fidda gwani, lokacin da daliget 'yan ƙalilan suka tsayar da waɗanda za a kawo muku. Su kuma daliget daga shugabannin jam'iyya na mazaɓa suka fito, kujerun da samari masu ilimi suke rainawa. In akwai ɗaya daga cikinku da ya koma gida da zama, ku tsaya masa ya shiga nan, ko ya nemi kansila. Sannan kada ku ɗauki masu faɗa a ji na gari abokan gaba. Ku je ku gaishe su, ku zauna a ƙasa, ku tambaye su abin da aka yi musu alkawari a zaɓen da ya wuce da abin da aka cika. Da yawansu sun gaji da a sallame su da babur ko kujerar Makka alhali hanyar garin tana nan yadda take.

Abin da na ga ya yi aiki a garinmu shi ne buƙata ɗaya da ta haɗa tsagin biyu. Ba mu ce kowa ya bar jam'iyyarsa ba, don ba za su bari ba. Mun ce duk ɗan takarar da zai shigo, daga kowane ɓangare, a zaunar da shi a gaban dagaci da limamai da wakilan mata a gaya masa abu ɗaya, wato gadar da ke yanke mu da kasuwa duk damina. Aka yi shekaru ana maimaitawa kafin a samu. Kuma in za ku yi wa gari aiki da kuɗinku, ɗayanku ya je ya tsaya a kai da kansa, a gan shi.

Katin naka

Wannan ya danganta da inda rayuwarka take. Doka rajista ɗaya ta yarda da ita, kuma a rumfar da sunanka yake kaɗai za ka jefa ƙuri'a. Yin rajista biyu laifi ne. Sauya wuri kuwa halas ne: in INEC ta buɗe rajista, sai ka nemi a mayar da kai rumfar da ke kusa da inda kake kwana, ta intanet ko a ofishinta na ƙaramar hukuma, daga baya ka karɓi sabon kati a can. Kasuwarku a ƙaramar hukumar Kosofe take, amma inda kake zaune ake dubawa, domin ranar zaɓe ana hana zirga-zirga, da ƙafa za ka je.

In iyalinka da gonarka suna gida, kuma niyyarka ka koma, ka bar katinka a can, amma ka shirya zuwa zaɓen gwamna da na majalisar jiha ko da za ka bar na farko, domin su ne suka fi taɓa garinku. In kuwa matarka tana nan, 'ya'yanka a nan suke makaranta, to ka yi tunani da kyau. Gwamnatin Legas ce ta rufe kasuwar Mile 12 bayan rikicin Maris na 2016, ita ce ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga Yunin 2022, ita ke yanke hukunci kan rusau da harajin rumfa. Hausawa muna da yawa a Agege da Idi-Araba da Obalende da Mile 12, amma duk lokacin da shugabanninmu suka je neman wani abu, tambayar farko da ake yi musu ita ce ƙuri'a nawa ke hannunsu a nan, kuma katunan mafi yawanmu suna Arewa. Ni da iyalina suka dawo Agege na mayar da nawa nan. Ƙanena da muke zaune gida ɗaya ya bar nasa a can saboda gonarsa da matarsa suna can, kuma ban taɓa ce masa ya sauya ba.

In ka samo takardun rumfunan garinku na 25 ga Fabrairu da na 18 ga Maris, ka haɗo da sunayen unguwannin da kowace rumfa take, ka zo da su Agege wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci mu duba su tare.